Yashi a Cikin Injin MaTshabangu

A unguwar Luveve ta birnin Bulawayo kowa ya san tukwanen MaTshabangu. Tun tana amarya take zama bayan gida da gwangwanin yashi, ta dirje tukunya har mutum ya ga haƙoransa a jikinta. Shekara talatin da ɗaya tana yi wa 'yan makarantar kwana girki. Ta binne miji, ta raini 'ya ɗaya tilo, Thubelihle, wadda yanzu take Ingila tana jinyar tsofaffin wasu.

Da yatsun tsohuwar suka soma kumbura, Thubelihle ta aiko mata da injin wanke kwanuka, da sharaɗi. In hannun nan ya ci gaba da shan wahalar wanke-wanke, za a rufe gidan a mayar da ita garin Gwanda wajen ƙanenta. Shi ya sa duk Lahadi bayan coci in ta bugo waya sai ta ce, "Mama, kunna shi in ji." Sai MaTshabangu ta kara wayar a jikin injin, su yi shiru su biyu suna sauraren ruwa yana juyawa. Gwanda kuwa ko sunanta ba ta son ji. Ta ƙofar gidan nan Thubelihle ta fita da jaka shekara bakwai da suka wuce, kuma a bakin ƙofar take so yarinyar ta dawo ta iske ta.

Wata Alhamis ta tarar ruwa ya malalo daga ƙarƙashin injin har tsakar ɗakin girki. Ta goge, ta sake kunnawa, ya sake zubowa. Saura kwana uku Lahadi.

Ranar Asabar Zenzo Mlotshwa mai gyara ya zo a kan kekensa. Ya zare wayar wutar injin daga bango, ya kwantar da injin, ya kwance ƙarfen ƙasa ya ciro famfon da ke tura ruwa. Zobban roba biyu da ke hana yoyo sun cinye, sun yi kaushi. Ya zura yatsa ciki, ya murza, ya ɗaga kai.

"Gogo," ya ce, yadda ake kiran kaka a can, "kogi kika kai shi wanka?"

"Kai dai yi abin da ya kawo ka."

"Yashi ne fa. Wannan ai ya isa a yi yaɓen ɗaki."

Ta gyara ɗankwali, ta kalli taga. "To tukunyar tuwon masara, da ƙanzonta da baƙinta, haka zan miƙa masa? Kayan Thube ne. Sai na dirje su fes nake sa masa, kada ya wahala."

Zenzo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato ke kike wa injin wanke-wanke, shi yana hutawa! Gogo, ni ma ki ɗauke ni aiki mana."

"Ragon banza, wa zai ɗauke ka? Ubanka ma a tsaye yake gyangyaɗi."

Dariyarsa ta tsaya sa'ad da ya ga yatsunta, duk sun kanannaɗe, gaɓoɓin sun yi jawur. Ya wanke famfon, ya shafa wa sababbin zobba ɗan mai, ya danna su suka zauna daram. Da ya mayar da komai sai ya shimfiɗa jarida a ƙasa ya kunna. Suka tsaya suna kallo har injin ya gama. Jaridar ba ta jiƙe ba.

"Ya gyaru," in ji shi. "Amma in yashi ya sake shiga, wata biyu ba zai kai ba. Ki jiƙa ƙanzon ya kwana, shi ke nan. Ki bar injin ya ci guminsa."

Bayan ya tafi ta ɗauki gwangwanin ta fita bayan gida. Ta daɗe tsaye da shi a hannu. Sannan ta juye yashin a gindin gwaiba, ta rage ɗan kaɗan saboda baƙar tukunya mai ƙafa uku, wadda ba a taɓa ta sai ranar da babban baƙo ya zo.

Lahadi wayar ta yi ƙara. Ta sa faranti ɗaya da kofi da tukunyar jiya, ba dirza, ta kunna, ta kara wayar.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Thubelihle. "Hannun fa?"

"Yana hutawa." Karo na farko ke nan da ta faɗi haka ba tare da ta kawar da ido daga hoton Thubelihle da ke bango ba. "Yaushe za ki zo?"

"Disamba, Mama, in sun ba ni hutu."

Haka ta ce bara. MaTshabangu ba ta tuna mata ba.

"Ina nan," ta ce. "Kada ki kashe tukuna, bai gama ba."