Sunayen da Muka Ƙi Saye

Shekarar da mutanen Gatawa suka kwararo Sabon Birni suna gudun 'yan bindiga, ƙungiyarmu ta dattawan gari ta buɗe shafi a intanet don neman taimako. Ɗiyar ƙanena ce ta shirya shi. Ta ce mu yi rajistar wasu sunaye masu kama da na shafin mu ajiye, kada macuta su riga mu.

Shugabanmu ya yi dariya. "Ke 'yar nan, a Gobir wa kika ga ya shinge gonar da ba za ya noma ba? Haɗama ke nan. Suna guda ya ishe mu."

Na zauna Abijan da Kumasi, na ga yadda 'yan kasuwa ke tsare tambarinsu har da makamantansa. Na san yarinyar na da gaskiya. Amma shugaban surukina ne, kuma a wurinmu ba a musu da suruki cikin taro. Muka tashi ba mu sayi sunayen ba.

Kafin kaka wasu suka buɗe shafi da ɗaya daga cikin sunayen, suka liƙa hotunan rumbunan Gatawa da aka ƙone. 'Yan'uwanmu masu ci-rani suka yi ta aika gudummawa can.

Wata tsohuwa 'yar Gatawa ta tare ni bakin kasuwa. "Alhaji, ɗana ya ce ya aiko muku saboda ni. Ina hatsina?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Allah ya isa." Ni take kallo.