Sharar Sallah ta Bu Warsini

Shekara ashirin da uku ke nan Bu Warsini tana kula da kwamfutocin wata cibiyar binciken ruwan sama a birnin Yogyakarta, inda don girmamawa ake kiran babbar mace Bu, babban namiji Pak, budurwa kuma Mbak. Gajeriya ce, ta ɗaure tabaronta da zare, kuma komai zafin gari da rigar sanyi take yawo, don ɗakin injinanta sai ka ce firiji. Masu bincike ba su damu su san aikinta ba. Abin da suka sani, duk kwamfutar da mutum ya zauna gabanta zai tarar da fayilolinsa, alhali suna can a rarrabe cikin manyan injina shida. Mai haɗa su wani ɗan guntun manhaja ne, modul, da ake liƙa wa kanel, wato zuciyar tsarin kwamfutar. Kanel na sauyawa, sai an sake ɗinka masa modul daidai jikinsa.

Mahaifiyarta, can ƙauye a Wonosari, ta raine ta a kan ba a shiga Sallah da datti. Shi ya sa duk ƙarshen azumi take share gida, ta share tebur, ta share injina. Bana, ranar Alhamis, ta sabunta komai, ta kuma bi tsofaffin kanel ta goge su ƙarƙaf.

Juma'a da hantsi sai ga Lintang, ɗalibar digiri na uku, ido ya raina fata.

"Bu, fayilolina sun riga ni tafiya gida Sallah!"

Taswirar ambaliya guda uku suka rage mata ta fitar daga babban injin lissafi. Ƙarfe uku ofishin karɓar kundin digiri zai rufe. In ta makara, sai bayan wata shida.

"Zauna, Mbak. Babu abin da ya ɓace, ƙofa ce ta rufe."

Ta duba, sabon kanel bai da modul. Ta sa a gina, injin ya ce babu takardun awon sabon kanel. Ta sauko da su, ginin ya kammala, sai kuma injin ya ƙi karɓa, wai babu sa hannun da ya sani.

Pak Hartoko, shugaban sashen, ya leƙo da jakar tafiya a kafaɗa.

"Ki tashe shi da tsohon kanel mana, Bu. Minti biyu."

"Na share shi, Pak."

"Duka?"

"Har ƙarƙashin gado."

Ya dafe goshi. "Allah Ya sa dai ba ki share mu daga jerin ma'aikata ba."

Ba ta yi dariya ba. Laifinta ne, ta kuma faɗa wa Lintang haka ba kwana-kwana.

Hanya ɗaya ta rage. Ta yi wa modul sa hannu da sabon mabuɗi, amma injin ba ya yarda da mabuɗi daga nesa. Sai mutum ya tsaya gabansa yayin da yake tashi, wani shuɗin allo ya fito na daƙiƙa goma, a danna maɓalli a shigar da mabuɗin. Ta turo tsohon allo a kan amalanke zuwa ɗakin sanyi. Matsalar, allon ya tsufa, kafin ya farka daƙiƙa goman sun wuce. Sau biyu haka, kowane tashi kuma minti goma sha biyu. Lintang na bakin ƙofa tana cizon gefen mayafinta.

Karo na uku Bu Warsini ta daina kallon allon. Ta rufe ido, ta kasa kunne. Shekara tara tana jin fankokin injin nan: sukan yi ruri, su sassauta, sannan wani ɗan ƙas, daidai lokacin da shuɗin allon ke fitowa. Tana jin ƙas ɗin ta danna. Da allon ya farka, shuɗi ne, yana jiranta.

Biyu saura kwata fayiloli suka dawo. Uku saura minti ashirin Lintang ta haye babur da kundinta, ta juyo ta ɗaga murya: "Bu, bayan Sallah kwanon abincinki na gudeg a wuyana!"

"Da ƙwai biyu!" in ji Bu Warsini.

Kafin ta kulle ɗakin ta nufi tashar mota, ta yanki takarda ta manna a jikin injin. Ta rubuta: "Warsini, bar tsofaffin kanel biyu. Ba datti ba ne."