Kujerar Babban Tela

Tun yana saurayi Tela yake zaune a kan kujerar katako guda, har ta yi santsi tana ƙyalli. Ƙa'idar shagonsu tun zamanin mahaifinsu ita ce babba ke zama a keken ɗinki, ƙarami ya tsaya a tebur yana yanka. Shi ya sa ƙanensa Auta, da furfura ta riga ta cinye wa gemu, har yau a tsaye yake wuni da almakashi a hannu.

Sai basir ya kawo wa Tela ziyara, ya ƙi tafiya. Da fari ƙaiƙayi ne, irin wanda ba a sosawa a gaban mutane. Can zafi ya biyo baya, zama ya koma kamar a kan garwashi. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya ninke ƙyallaye ya tusa a ƙarƙashinsa. Ɗinkin ma ya soma karkacewa tare da shi.

"Yaya, rawa kake koyo da girmanka?" in ji Auta.

"Yi yankanka."

Matarsa ce ta gaji da nishi, ta kora shi kemis. Ya jira kowa ya watse, sannan ya raɗa abin da ke damunsa. Mai kemis ya miƙo masa man shafawa.

"Baba, ka wanke da ruwan ɗumi, ka tsane, ka shafa safe da yamma. Zai kwantar da zafin da ƙaiƙayin. Amma muddin a zaune za ka riƙa wuni, ni da kai mun dinga gaisawa ke nan. In ka ga jini kuwa, sai asibiti."

Man bai yi ƙarya ba. Da safe Tela kan fito garau, amma kafin rana ta raba, kujera ta warware duk abin da man ya ɗinka. Ya ƙara lafta shi har wanduna suka yi naso.

"Maigida, ni wanki ya ishe ni," in ji matarsa. "Ka ba yaron nan kujerar mana."

"In tsaya, Auta na zaune? Me mutane za su ce?"

Ranar da wata mata ta dawo da rigarta, wuyan ya kalli gabas, Tela ya daɗe yana jujjuya ta. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya dafa keken, ya miƙe a hankali.

"Miƙo almakashin. Zauna. Amma kada ka saba."

Auta ya zauna, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

Ba a jima ba wani baƙo ya shigo da yadi. Ya wuce Tela kamar bai gan shi ba, ya rusuna wa na zaune.

"Sannu da aiki, maigida."

Tela ya buɗe baki zai gyara masa. Sai ya lura tun da ya miƙe babu inda ke yi masa zugi. Ya rufe bakinsa, ya ja yadin gabansa, ya laluba aljihu yana neman alli.