Tsawar Baba Nwosu

Akwai wata Laraba da har yau ban iya mantawa da ita ba, ko da yake ba zan rantse cewa Laraba ce ba, don mai ɗakina ta dage a kan Alhamis. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun aikina, wannan zan bayar, domin a cikinsa ne na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa, kuma da kyakkyawar niyya.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Na gama jami'a, na sami aiki a wani kamfani da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, mai shigo da rediyo da garmaho daga waje. Ku na yanzu ba ku san garmahon nan ba. Akwati ne na katako mai sheƙi, tsawonsa ya kai benci, rediyo a gefe guda, wurin ɗora faifai a ɗaya gefen, lasifika biyu a ƙasa. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ji ya isa sai ya kai guda falonsa, ko da ba zai kunna ba, a shimfiɗa masa ƙyalle a ɗora furen roba.

Muƙamina shi ne jami'in duba kaya. Tsarin kuwa haka yake: kowane garmaho sai an fitar da shi daga kwali an kai ɗakin gwaji. Babban makanike ya ɗora faifai ya saurara, in ya ji lafiya ya sa hannu a wani koren kati. Katin ya zo teburina in sa nawa hannun, sannan a kai wa mai saye. Dokar kamfani kuma ta ce duk makaniken da ya sa hannu a kan kaya mai aibi, kora ce, babu gargaɗi.

Babban makanikenmu shi ne Baba Nwosu, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya tafi gabas lokacin tashin hankali, ya dawo da ƙyar ya sake samun gurbinsa, ga 'ya'ya biyar a makaranta. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da sukundireba a aljihun gaba. Malam Digiri yake ce mini. Ba na jin da mugunta yake faɗa, amma dai ina shakkarsa.

Katako ne kawai ya raba ofishina da ɗakin gwaji. A makon farko na fara jin abin. Da an ɗora allura sai wata ƙara ta tashi kamar injin niƙa ya haɗiyi cokali, can kuma wata murya ta kwarma ihu irin na wanda ƙofar mota ta datse wa yatsa. Bayan 'yan mintuna sai koren kati ya iso, da sa hannun Baba Nwosu, wai lafiya lau.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tare shi a bakin famfo.

"Baba, na'urar nan da kuka gwada ɗazu, lafiyarta kuwa?"

"Garau take, Malam Digiri. Ba ka ji ƙarfinta ba?"

Na ce na ji. A raina kuwa na ce shekarun aiki sun cinye wa dattijon kunne, yana sallamar kaya masu aibi bai sani ba, ni kuma ina sa hannu a ƙarƙashinsa. Da na ƙwanƙwasa ƙofar nan na leƙa, da maganar ta ƙare a ranar. Amma a jami'a an koya mana kada ka buɗe baki sai ka tara hujja. Saboda haka na sayi littafin rubutu, na cire agogon hannuna na ajiye a tebur, duk lokacin da na ji an ɗora allura sai in fara duba lokaci ina rubutawa. Minti ɗaya da daƙiƙa goma: gurnani. Minti biyu: ihu sau uku. Minti uku da rabi: shiru, sannan tsawa. Haka na bi garmaho goma sha ɗaya.

Rahoton da na rubuta shafi huɗu ne. Na yi taka-tsantsan ƙwarai. Ban ce kayan sun lalace ba. Cewa na yi akwai alamun da ke iya nuna cewa mai yiwuwa ba dukan garmahon ne ke da cikakkiyar lafiya ba, kuma wataƙila zai dace a sake dubawa. Lokutan da na ɗauka na jera su a shafi na uku.

Manajanmu, Alhaji Garba, tsohon malamin makaranta ne daga gidan malamai, mutum mai tsare doka, wanda ban da labarai ba ya jin komai a rediyo. Ina jin shafin farko kawai ya karanta. Kafin azahar ya tsayar da fitar da kaya, kafin la'asar takardar tuhuma ta isa hannun Baba Nwosu. Takardar tuhuma, ga waɗanda ba su taɓa karɓa ba, wasiƙa ce da ke neman ka bayyana dalilin da zai hana a hukunta ka.

Washegari ina zaune sai ga shi a ƙofata, takardar a hannunsa.

"Malam Digiri, taso ka ga kayan da suka lalace."

Na bi shi. Ya ɗauko kwalin wani faifai ya miƙo mini. Hoton wasu Turawa ne huɗu, gashi har kafaɗa, ba mai fara'a ko ɗaya, wuta na ci a bayansu. Ya ɗora faifan. Gurnanin nan nawa ya taso, daidai yadda na san shi.

"Waƙa ce?" na ce.

"Hebi metal sunanta. Jita ce ake murɗe mata wuya da gangan. Faifan gwajin kamfani ya tsage tun bara, na kawo nawa. Lasifikar da ta ɗauki wannan, ba abin da ba za ta ɗauka ba."

Na nemi kujera na zauna. Shi kuwa, maimakon ya zage ni, sai ya shiga yi mini karatu, don mai son kiɗa ko a bakin kabari ya sami mai saurare ba ya bari.

"Ni da tsarina nake ji. Litinin zuwa Asabar, wannan. Lahadi bayan coci, kiɗan mutanenmu na gabas, a taka rawa a ci shinkafa. Ranar da ake dambe kuwa ina can gaban makaɗa, don mai kalangun mahauta da mai jitar nan uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba su san juna ba ne kawai. Kiɗan da bai girgiza maka haƙarƙari ba, ruwan zafi ne ba ganyen shayi. Abu ɗaya ne ba na ji: waƙoƙin soyayyar nan da rediyo ke sawa, mace na narkewa kamar man shanu a rana. Wannan ko a gidana ba a kunnawa."

Ya ninke takardar tuhumar ya sa a aljihu, muryarsa ta sauka.

"In suka kore ni, Malam Digiri, ban san inda zan fara ba. Sau ɗaya na taɓa farawa daga babu, ya ishe ni."

Na tafi kai tsaye wurin Manaja na ce ina neman janye rahotona, domin mai yiwuwa na yi kuskure. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Abin da aka rubuta ba a janye shi da baki. Laraba za a zauna, a ɗakin gwajin. Kai ne mai ƙara, kai ne shaida. Tun da kuma kai ne mai digiri, kai za ka rubuta bayanin zaman."

Ranar ta zo. Aka kawo wa Alhaji Garba kujera, aka fito da sabon garmaho daga kwali a gabansa. Baba Nwosu ya ɗora faifansa. Manaja bai kai minti biyu ba ya ɗaga hannu.

"Kashe. To, na ji da kunnena. Wannan ka sa wa hannu?"

"Ranka ya daɗe, waƙar ce haka."

"Nwosu, shekarunmu nawa tare? Kana so in yarda cewa mutane masu iyaye sun shiga ɗaki da hankalinsu, suka yi wannan da niyya, wani kuma ya ɗauko a jirgi ya kawo Kano?"

"Haka aka yi, ranka ya daɗe."

"To kawo wani faifan na ƙasarsu mu ji. In na'urar ta rera shi daidai, sai mu duba."

Baba Nwosu ya saci kallon akwatin kayan aikinsa. Ya ce ba shi da wani. Manaja ya ce shi ke nan, Malam ya rubuta cewa ba shi da hujja. Na ɗora alƙalami a takarda. Can Baba Nwosu ya ja dogon numfashi, ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga wani tsumma, ya zaro wani faifai da aka ɓoye cikin kwalin wasu Turawan masu gashi. Ya ɗora shi ba tare da ya dubi kowa ba.

Wata mace ce ta fara rerawa a hankali, murya siririya, tana narkewa kamar man shanu a rana. Baba Nwosu ya kafa wa silin ido, amma leɓɓansa na bin waƙar kalma bayan kalma.

"Yanzu na ji waƙa," in ji Manaja. "Ta wace ce?"

"Faifan na madam ne, matata, ranka ya daɗe."

"Madam ɗin ce ke motsa maka baki?"

Ban rubuta wannan a bayanin zama ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Alhaji Garba ya gyara zama ya ce wannan ma ya fi tayar masa da hankali. Aibin da ke zuwa yana tafiya shi ne mafi muni. Motarsa haka take yi masa: a hanya ta yi ta tari, a gaban makanike ta zama amarya. Na'urar da za ta rera waƙa ɗaya lafiya ta yi gurnani a ta biyu, ba za a kai wa Alhazan Kwari ita ba. Ya ce in rubuta cewa tuhuma ta tabbata.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, in an ba ni dama, ba wai ina jayayya ba ne. Akwai shafi na uku."

"Shafi na uku na me?"

"Na rahoton. Mai yiwuwa ba a kai gare shi ba."

Ya buɗe, ya gyara tabarau. Garmaho goma sha ɗaya, kowanne da layinsa, lokutan kuma iri ɗaya sak daga sama har ƙasa. Ni kaina sai a wannan mako na lura da haka, bayan na kwashe makonni ina rubutawa. Na cire agogona na miƙa masa, na roƙi a sake ɗora faifan farko, Baba Nwosu kuma ya riƙa faɗin abin da zai zo kafin ya zo, ba tare da ya ga takardar ba.

Aka ɗora. Baba Nwosu ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya zaro sukundireba ya riƙe ta a ciki kamar jita.

"Gurnani na tafe, ranka ya daɗe. Ga shi."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi takarda.

"Yanzu zai yi ihu sau uku, na ukun ya fi tsawo."

Mutumin cikin faifan ya yi ihu sau uku, Baba Nwosu na taya shi, kai na kaɗawa, ido a rufe. Ma'aikatan sito sun cika taga.

"Yanzu za su yi shiru. Kada ka yarda da su, ranka ya daɗe, riƙe kujerarka."

Shiru ya zo, tsawa ta biyo baya, Alhaji Garba ya zabura har hularsa ta karkace, duk da an gargaɗe shi. Da faifan ya ƙare ya daɗe yana duban agogon nan kafin ya mayar mini.

"Motata ba ta taɓa gaya mini lokacin da za ta yi tari ba," ya ce. "Malam, rubuta. Na'ura lafiyarta ƙalau. Makanike lafiyarsa ƙalau. Masu waƙar ne ba su da lafiya, su kuma ba ma'aikatanmu ba ne."

Aka janye tuhuma, aka fitar da kaya a ranar. Sai dai Manaja ya ƙara doka ɗaya: daga yau kowane garmaho da faifai biyu za a gwada shi, mai tsawa da mai taushi, don ya ga amfanin kowanne. Haka Baba Nwosu, mutumin da ko a gidansa ba a kunna waƙar soyayya, ya koma sa ta a wurin aiki sau da yawa a rana bisa umarnin kamfani. Ta cikin katako nakan ji wata murya mai kauri tana bin ta ƙasa-ƙasa. Ban ɗauki lokacin wannan ba.

Da yammacin ranar zaman ina shirin hawa kekena zuwa Rijiyar Lemo Baba Nwosu ya tare ni. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Bar wannan. Takardarka ta jefa ni rami, takardarka ta fito da ni, mun yi canjaras. Abu ɗaya nake so. A bayanin zaman nan, ka rubuta cewa faifan na madam ne."

Abin da na koya, ku da kuke fara aiki, ba shi da yawa. Kafin ka rubuta rahoto a kan mutumin da katako ne kawai ya raba ku, tashi ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ka zama babba, ka karanta har shafi na uku. Kuma duk wanda ya rantse maka cewa akwai kiɗan da ba ya ji, kada ka ɗaga tsumman akwatinsa sai in aikinsa ne ke kan siraɗi.

Maganar bayanin zama kuwa, ba na iya rubuta abin da ban tabbatar ba, ba na kuma iya hana dattijon abin da ya roƙa. In fayil ɗin na nan, za ku ga abin da na sa: "An kuma gwada faifai na biyu, wanda mai yiwuwa na madam ne."