Hancin Alhaji a Bangon Ɗakina

A wani gwanjon ƙofar gida a unguwar Sedgefield na sayi hoton, lokacin ina ɗalibi a birnin Greensboro. Tsohon bugu ne na Faransa, irin wanda suke yi wa manyansu shaƙiyanci da shi: wani ɗan majalisa yana sharar barci a kujera, tumbi kamar randa, hanci ya kusa taɓa haɓa. Na rataye shi a ɗakina na unguwar Glenwood don na ga bangon ya yi tsirara.

Abokin zamana ne ya fara lura. Ya dube shi, ya zube ƙasa yana riƙe ciki.

"Wallahi Alhaji ne! Har hancin!"

Alhaji kuwa dattijon Zinder ne mai sayar da motoci a High Point Road, kuma shi zai buga wa baban yarinyar da nake nema waya ya faɗi halina. Kalma ɗaya daga bakinsa, ko aure ko babu. Na ce zan sauke hoton, shiririta ta sa na manta.

Ranar Asabar sai ga sallama. Alhaji ya zo ganin yadda nake zaune. Ko shayi bai kurɓa ba ya miƙe ya tsaya gaban hoton, ya sa tabarau. Sai a lokacin na tuna mutumin ya iya Faransanci. Ya karanta rubutun ƙasan tsaf, ni kuwa gumi har cikin safa. Abokina ya gudu banɗaki, muna jin dariyar marar mutunci ta cikin ƙofa.

"Wannan ya yi kyau," in ji Alhaji.

To, babba ya yaba abu a ɗakinka, me ya rage? Bakina ya riga hankalina.

"Naka ne, Alhaji."

Innalillahi! Na ba mai riƙe da aurena zagi a cikin firam. Ya sa hannu ya ciro shi, ya goge ƙurar da hannun rigarsa.

"Na san ba'a ce, ɗana, ɓarawon haraji suke zagi," ya ce. "Amma mahaifina ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba. Haka yake barci bayan azahar, haka hancin yake."

Dariyar banɗaki ta ɗauke. Ya rungume firam ɗin a tumbinsa, ya tambaye ni lambar wayar gidan su yarinyar.