Anti Cokali, Wadda Ta San Halin Hanta

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma yau Anti Cokali take ajiye aiki a ɗakin awon ciki, shiru kuwa ba zai yiwu ba.

Kullum ita ke buɗe ɗakin. Ta goge bencin, ta jera kofuna, ta dama ruwan sukarin gwaji da cokalin nan da ba ya barin aljihunta, wanda ya ja mata suna. Sannan ta fuskanci masu ciki: "Hanta mai tsaron sito ce. Kin ci, ta ajiye sukari. Kin ji yunwa, ta fito da shi. Giya kulle mata ƙofa take, ciki kuma kan toshe mata kunne."

Yayata na cikin masu cikin da ke yi wa zancen dariya, har ranar da aka ce sukarinta ya hau. Tsoro ya kama ta, ta daina cin abinci sai ruwa. Ta rame, ɗan cikin ya rage motsi, sukarin da ake aunawa da safe kuwa bai sauka ba.

"Anti, ban ci komai ba! Daga ina yake fitowa?"

"Daga sito, ƙanwata. Kin sa hanta ta zaci fari aka shiga. Yaron kike horarwa da yunwa."

Anti ta kai ta wurin likita da kanta. Da aka tashi aiki, sai ga ta a kicin ɗinmu. Ta ture babban faranti, ta ɗauko ƙarami, ta zuba wake, ganye da 'yar shinkafa. Mijin Yaya ya shigo da kwalaben lemo, ta dube shi: "Ango, kai ma cikin gare ka? Mayar!"

Yaya ta ƙi ci. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta zaro cokalinta, ta zauna a ƙasa: "Loma ɗaya ni, loma ɗaya ke." Haka ta riƙa zuwa har aka sauka lafiya.

Ke ce, Anti, mai ciyar da wanda bai zo duniya ba. Allah ya saka miki. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi zama a ƙasa.

Ga ta can a taron ban kwana ana ta hotuna, ɗan Yaya a cinyarta yana tsotsar cokalin. Na sa takardar nan ƙarƙashin jakarta. Bari in bi ta ƙofar baya kafin ta waiwayo.