Ƙwayar da Malam Ya Aika Ƙirji

Bana shekara ashirin da huɗu ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana, telan manyan riguna a Fagge. Sunansa ba zai fita daga bakina ba, ko a jarida. Malam nake ce masa. Abin da ya sa na ɗauki biro da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci shi ne, jikata mai karatun haɗa magunguna ta nuna mini zanen yadda magani ke kama jiki a wayarta, na yi ta dariya har ta tsargu.

Malam mai asma ne. A shekarun da kuɗin mai ya shigo gari, kowa babbar riga mai aiki yake so, har ɗan dako. Ƙurar yadi ta tayar masa da ciwon, asibiti suka ba shi wata 'yar ƙwaya. Ƙirji ya buɗe, amma hannu ya kama rawa, zare ya ƙi shiga allura. Sai ya ajiye maganin, wai gara ya yi ta haki da a ce ɗinkinsa ya karkace. Ni kuwa ina jin ƙirjinsa yana fito kamar butar shayi.

Ban iya gardama ba. Lallaɓa shi na yi muka tafi Sabon Gari wajen Maman Ngozi, tsohuwar nas mai kemis, wadda yake yi wa mijinta ɗinki.

"Madam, ƙwayar nan ƙirji na aike ta," in ji Malam. "Me ya kai ta hannuna?"

"Ƙwaya ba ta jin aike, Malam. Jini ke yawo da ita ko'ina. Inda ta sami gurbi daidai ita, nan take zama ta yi aiki. Irin gurbin da ke ƙirjinka akwai shi a hannunka."

"Wato maɓalli ce, duk kafar da ta yi awonta sai ta shige. To, wa zan kai wa gyara?"

"Sai Wanda Ya ɗinka ka."

Malam ya yi istigfari, ya nemi ruwa. Kafin ya haɗiye, ya raɗa wa ƙwayar, "Ƙirji kawai, kin ji?"

Daga nan ni ke zura masa allurai kowace safiya, in jera su a jikin matashi. Aikin wuya dai ya riƙa fitowa a lanƙwashe. Wani Alhaji ya zo karɓar rigarsa, Malam ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Alhajin ya ce ashe sabon yayin Legas ya iso Fagge. Abokansa suka yi layi.

Da aka canja masa zuwa abin fesawa a baki, mai zarcewa ƙirji kai tsaye, rawar ta lafa, yayin Legas ya ɓace. Ya gwada kaɗa hannu da gangan, bai yi kyau ba. Ya fara cigiyar tsohuwar ƙwayarsa. Na ce ban gan ta ba, kuma gaskiya na faɗa, don ido na rufe lokacin da na jefa ta masai. Alhazan sun koma wani shago. Malam kuwa ya ga auren 'ya'yansa duka da numfashinsa.

Da yana nan ya ga zanen wayar nan, na san zai ce kafar maɓallin ba ta sha dajiya da kyau ba. Kekensa na wurin ƙaninsa, rigunan sun tsufa. Amma jiya jikata ta kama ni na kai maganin hawan jinina kusa da baki ina magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Hajiya, ai na gaya miki ba ya ji." Na ce na sani, ba da shi nake ba.

Allah Ya jiƙan Malam.